Littattafan mashaya jini: a ina suka kama ku, a ina suka sake ku?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na gama *Dracula*, wanda Bram Stoker ɗan ƙasar Ayalan ya fitar a 1897, kuma har yanzu na rasa hukuncin da zan yanke masa. A hannun masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi na saye shi, bangon ma ya yage. Babi huɗun farko a dare ɗaya na cinye su, ba wuta, da fitilar waya. Inda Jonathan Harker, baƙon da ya sauka a gidan Dracula, ke aski a gaban ɗan madubinsa, ya ji hannu a kafaɗa, ya kalli madubi bai ga kowa ba sai kansa, alhali mai gida na tsaye a bayansa, wallahi sai da na tashi na taɓa sakata. Ga kuma daren da ya leƙa ta taga ya hango mai masaukin nasa yana sauka a jikin bango, kai a ƙasa, kamar ƙadangare.

To amma da labari ya koma Ingila sai wuta ta mutu. Wasiƙun 'yan mata, wance ta samu manema uku a rana guda, ga tsohon likita Van Helsing da jawabinsa wanda ba ya ƙarewa. Abin da ya rage sai da na yi mako uku ina jansa. Ni kaɗai ne haka ta faru da ni? Duk wanda ya taɓa karanta irin waɗannan littattafai ya faɗa mana inda tsoro ya kama shi da inda ya sake shi.

Malamar Adabi:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ba kai kaɗai ba ne, mu da muka karanta shi don jarrabawa a jami'a rabin ajinmu a tsakiyar nan suka yada zango. Amma ka yi haƙuri, ka tsallake wurin da ya fi ko'ina daɗi: littafin aikin kyaftin ɗin jirgin Demeter, wanda ya taso daga Varna ya nufi Ingila ɗauke da akwatunan ƙasa 50. Kyaftin ba ya rubuta komai sai iska da hazo da lissafin mutanensa. Yau an rasa ɗaya, jibi an rasa wani. Har jirgi ya daki gaɓa a Whitby, aka tarar da gawarsa ɗaure a jikin sitiyari, wani ƙaton kare ya dira ya ɓace. 'Yan shafuka ne, ba a nuna maka haƙori ko ɗigon jini ba, amma ni ranar ban iya fita alwalar asuba ni kaɗai ba.

Dabarar Stoker ke nan: babu mai ba da labari guda. Wasiƙu ne, da littattafan tunawa, da yankakkun jaridu, kowa guntun abin ya gani, kai mai karatu ka riga su ganewa kuma ba ka da bakin gargaɗi. Bayan babi na huɗu shi kansa dodon da ƙyar ake ganinsa, sai dai sawunsa. Inda dabarar ta karye shi ne, mutum ana neman ransa amma ya samu sukunin zama ya rubuta shafi biyar, har da maganar wani kalma da kalma. Kuma mazan nan duk muryarsu ɗaya, kowa kuka, kowa rantsuwa, kowa yabon Mina, matar Harker. In kana son wanda ba ya ja, nemi *Carmilla* na Sheridan Le Fanu, na 1872. Ya girmi *Dracula* da shekara 25, kuma zama biyu ya ishe ka.

Anti Nas:
Ni a aikin dare a asibiti na karanta shi, tsakanin zagaye da zagaye. Malama, ki bar ni da wurin ƙarin jini. An ɗura wa Lucy, mai manema ukun nan da dodon ke tsotsa, jinin maza huɗu cikin ƙasa da mako biyu, ba gwaji ba komai, wanda ya shigo kawai a ce naɗe hannun riga. Dariya na yi har abokiyar aikina ta leƙo. Ban ga laifin marubucin ba, don sai 1901 Karl Landsteiner ya bayyana rukunonin jini, shekara huɗu bayan littafin. Amma a wurina da Dracula da likitocin ban san wa ya fi gaggawar kai yarinyar nan kabari ba.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. An jera furen tafarnuwa a ɗakin don korar dodon, an rufe taga, an ce kada a taɓa. Uwar ta shigo cikin dare, ta ji wari ya cika ɗaki, ta tausaya wa 'yarta, ta kwashe furen ta buɗe taga don ta sha iska. Da safe har tana murnar ta yi abin kirki. Ajiye littafin na yi. Na sha ganin uwar nan da idona: wadda ta zare wa ɗanta robar hanci don tana damunsa, wadda ta ɓoye jiƙo a zani ta ɗura wa jariri da muka juya baya. Ba mugunta ba ce, so ne. Su kuwa likitocin cikin littafin ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani, wai suna gudun tayar mata da ciwon zuciya. Wannan laifin mu ma muna yinsa.

Oga Makaniki:
Ku gafarce ni, ni fa ko gezau. Na karanta uku, ban ji komai ba. Tsoron nasu ne, an ɗinka shi daidai jikinsu. Su ne ke sa mamaci a akwati da kwat da takalmi, su ajiye shi a ɗakin dutse mai ƙofa da kwaɗo, to me zai hana su yi tunanin zai buɗe ya fito? Mu da za a rasu da hantsi, kafin la'asar an yi wanka, an sa likkafani, an jera itace an mai da ƙasa. Kuma maganin nasu gicciye ne da gurasar coci. Ina karantawa ina cewa to ni da ba ni da ko ɗaya fa, ko dodon ma bai san da zamana ba? Da farko da na ji an ce mashaya jini na zaci labarin 'yan shan jini ne, masu yankan kai don kuɗi. Da shi ne da na ji tsoro, don waɗannan a mota suke yawo.

Ɗan Tudun Wada:
Oga, ka sa ni dariya. Amma maganar likkafani ta shige ni.

Ƙanwar Maza:
Oga Makaniki, da alama ba ka haɗu da *'Salem's Lot* na Stephen King ba, na 1975. Shi ya ɗauko dodon daga tsohon gidan sarauta ya kawo shi ƙaramin gari a jihar Maine ta Amurka, inda kowa ya san kowa, mai shago da direban motar makaranta da mai haƙar kabari. Gari ya dinga mutuwa gida gida, mutane na cewa mura ce ke yawo. Maganar gicciye kuwa ya ba ka amsa: limamin cocin garin ya ɗaga nasa yana haske, da imaninsa ya raurawa hasken ya dushe, dodo ya karɓe ya karya kamar kara. Ashe ba itacen ba ne.

Ni inda ya gama da ni shi ne ƙa'idar nan ta cewa ba ya shiga gida sai an ce masa shigo. Wani yaro da aka binne ya zo tagar ɗan makarantarsu a bene, cikin dare, yana ƙarzar gilas yana roƙo a buɗe masa. Ku duba mu da aka rena da cewa baƙonka annabinka. Tun ina ƙarama in na ji sallama, bakina ke amsawa kafin hankalina ya iso. Wata guda na yi ina jin nauyin cewa bismillah shigo in magariba ta wuce. Aibin King ɗaya ne, surutu. Sai ya ba ka tarihin kakan mai wankin kwano kafin ya kashe shi.

Baban Ummi:
Ban so yin magana ba, amma abin da Anti Nas ta faɗa ya taɓo ni. Ni ban iya ƙarasa *Dracula* ba, a ciwon Lucy na tsaya. Yayana tarin fuka ne ya yi ajalinsa. Ramewa, gumin dare, fuska ta yi fari fat, da safe a ga jini a matashi. Duk abin da littafin ya zana na gani a ɗakinmu na zaure.

Daga baya na karanta labarin da ya faru da gaske a Exeter, jihar Rhode Island a Amurka, a 1892. Tarin fuka ya kashe uwa da 'ya a gidan wani manomi, sannan ya kashe ɗaya 'yar, Mercy Brown, tana da shekara 19, ga ɗan'uwanta Edwin a kwance. Mutanen gari suka ce ɗaya daga cikin mamatan ce ke tsotse shi. Aka tone su, aka tarar gawar Mercy ba ta lalace ba, don a tsakiyar sanyi ta rasu. Suka ƙona zuciyarta suka jiƙa tokar suka ba shi ya sha. Bayan kamar wata biyu shi ma ya bi su. Kuma fa shekara goma ke nan da Robert Koch ya gano ƙwayar cutar.

Da na karanta sai na tuna wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Lokacin ciwon Yaya aka ce ita ta kama masa kurwa, har aka fito da ita tsakar gida aka sa ta tsallaka shi. Tana kuka tana rantsuwa. Ina da shekara 14, ina cikin masu ihu. Su can mamaci suka tone, mu mai rai muka tozarta. Ta bar unguwar, ban sake ganinta ba. Shi ya sa in marubuci ya tabbatar mini cewa masu zargin su ne da gaskiya, dodon na nan, a kawo turke da guduma a kafa masa a zuciya, sai in ji littafin ya fita raina. Na san yadda daɗin kasancewa cikin masu turken yake.

Anti Nas:
Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta. Baban Ummi, yaro ne kai a lokacin. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Hajiyar Gwammaja:
Amin. Bari in ɗan sauƙaƙa mana zaman. Ni a ƙarƙashin katifar 'yata na tsinci nawa, *Twilight* na Stephenie Meyer, na 2005. Na ce bari in ga me ke hana ta barci. Jama'a, dodon ɗan makarantar sakandare ne, yana da mota mai tsada, in rana ta taɓa shi ƙyalli yake kamar leshin biki. Tun 1918 yake ɗan shekara 17. Wato tsoho mai shekara fiye da 100 ke shiga ta taga yana kallon yarinya tana barci, ita kuma da ta sani sai ta ji daɗi. Na ce da Ummita, a nan unguwar sunan wannan ɓarawo, kuma 'yan sintiri ne maganinsa. Tsoro dai ban ji ba, sai na tarbiyya.

Ƙanwar Maza:
Hajiya, a yi mana afuwa, duk mun bi ta nan. Ai ba littafin tsoro ba ne, soyayya ce aka sa mata haƙora. Cire shan jinin ki gani, miskilin saurayi mai kuɗi ne da yarinya baƙuwa a gari, irin wanda muke karantawa a namu kullum.

Ɗan Damagaram:
Ina gaida kowa. Ni da Faransanci na karanta *Interview with the Vampire* na Anne Rice, wanda ya fito a 1976, inda dodon da kansa ya zauna gaban rikoda yana ba ɗan jarida tarihinsa. Ina ganin daga nan ɓarnar da Hajiya ke kuka da ita ta soma. Da zarar ka shiga cikin kansa ka ji damuwarsa, tsoro ya tafi, saura tausayi. Dodon, Louis, shafi bayan shafi yana nadama, yana gamawa ya fita ya kashe wani ya dawo ya ci gaba da nadama. Na gaji da shi tun kafin su isa Paris.

Amma akwai Claudia, yarinya 'yar shekara biyar da suka mayar irinsu. Hankalinta na girma, jiki na nan yadda yake, shekara 60 ana saya mata 'yar tsana. Da na ji cewa marubuciyar ta rasa 'yarta mai shekara biyar da sankarar jini kafin ta rubuta littafin, sai na koma na sake karanta wuraren da wani ido. Abin da ya ba ni haushi kuwa, Louis mai gandu ne da bayi kusa da New Orleans. Bayin nan su suka fara gane abin da ke zaune a gidan, tun kafin kowane Bature. Littafin ya ba su 'yan shafuka ya wuce. Mutumin da ke cin gumin mutane da rana tun kafin ya fara shan jininsu da dare, ai labarin a nan yake, ta taka shi ta wuce.

Malamar Adabi:
Hajiya, kan maganar rana: a littafin Stoker ma rana ba ta ƙona shi, har yawo yake a titin Landan da tsakar rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Mutuwa da hasken alfijir daga fim ɗin Jamus *Nosferatu* na 1922 ta samo asali. Kowane marubuci sai ya ƙara tasa doka ya soke ta wani, har abin ya koma kamar dara.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, ban zaci zancen zai kai nan ba. Baban Ummi, Allah ya jiƙan Yaya. Malama, na koma na karanta na jirgin a nutse, kin yi gaskiya, gudu na yi a kansa. Amma ƙarshen har yanzu ban yafe ba: an bi mutum tun daga Landan har tsaunukan ƙasarsu, ta jirgin ƙasa, ta kogi, ta kan doki, sannan wuƙa biyu cikin layi kaɗan ya zama ƙura.

Ƙanwar Maza, na samo na King a wurin wani abokina, ina shafi na 200 da wani abu. Daren jiya wajen ƙarfe ɗaya na ji ana ƙwanƙwasa tagata a hankali, ana kiran sunana ƙasa ƙasa. Na yi lamo, na ƙi amsawa, har sau uku. Da safe maƙwabcina ya tare ni a bakin masallaci da fushi, ashe matarsa ce naƙuda ta kama yana neman aron babur. A kafaɗa ya riƙa ta har bakin titi. Ta sauka lafiya, namiji, suna ranar Talata, kuma an ce ni zan kawo goro.