Zafin Afrilu da ƙishin da ba ya tafiya

Mai Keke, Sakkwato: Salamu alaikum jama'a. Keke nake ja, ga zafin nan ya haura digiri 40. Kafin azahar kaina na sarawa, leɓe ya bushe ƙamas. Lemon kwalba nake ta ɗirka amma a banza. Mene ne mafita?

Hajiya Mai Zoɓo: Ɗana, lemon kwalba ai sukari ne ya yi masa yawa. Naɗe jarkar ruwanka da jiƙaƙƙen buhu, ka riƙa kurɓa tun kafin ƙishi ya kama ka.

Malamin Asibiti: Malam, duba fitsarinka. In ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi ƙaranci a jikinka. Sha kankana da gurji, fiye da kashi 90 cikin 100 nasu ruwa ne. In jiri da amai suka biyo baya, sai asibiti.

Ɗan Tasha: Kankana kam! Amma ban da yankakkiyar da ƙudaje ke bi.