Jan gizo-gizo a kan bishiyoyin bonsai: abin da kowa ya gani da idonsa

Mai tsamiya: Assalamu alaikum. Shekara 4 ke nan ina renon 'yar tsamiya a kasko irin na bonsai, wato dabarar Japanawa ta tsare bishiya tana ƙarama. Da hunturun bana ganyenta ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, sannan ya dushe kamar an barbaɗa masa toka, ni kuwa na ɗauka ƙishirwa ce na yi ta ƙara mata ruwa. Sai da na ga siririyar yana irin ta gizo-gizo a tsakanin rassa, na shimfiɗa farar takarda na girgiza reshe, na ga ƙananan ƙwayoyi suna tafiya a kanta. Ina roƙon waɗanda suka taɓa fama da su su ba ni shawara.

Mai kariya: Wa alaikumus salam, Malam. Irin wannan ya sami bishiyata ta kariya bara, kuma kuskurena shi ne na fesa mata maganin ƙwari na gama-gari, wanda ya kashe ƙwarin da ke cin su, su kuma suka ƙaru. Waɗannan halittu dangin gizo-gizo ne masu ƙafa 8, girmansu bai wuce rabin milimita ba, kuma a bayan ganye suke zama suna tsotsar ruwansa. Na ware kaskon daga sauran, na riƙa wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi kowace safiya, sannan da yamma, bayan rana ta yi sanyi don kada ganyen ya ƙone, na fesa man dalbejiya cokalin shayi ɗaya a litar ruwa da ɗan sabulu.

Manomin tumatir: Hajiya mai kariya ta faɗi gaskiya, domin mun san su a gonakin rani, kuma zafi da ƙura da bushewar iska ne suke so. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne ƙwansu, wanda yake ƙyanƙyashewa cikin kwana 3 idan ana zafi, ɗan kuma ya girma cikin kamar mako guda, saboda haka feshi ɗaya ba ya gamawa da su. Ni maganin feshi mai suna Abamectin nake amfani da shi, ina maimaitawa bayan kwana 7.

Mai tsamiya: Allah ya saka muku da alheri. Na bi hanyar Hajiya sau 3, kwana 5 tsakani, kuma ko da yake tsohon ganyen ya zube, jiya na ga sabon toho a rassa biyu, takardar ma ta fito fes.