Zanena na kireyo shina lalacewa in na ɗauke shi hoto, mi ne ne dabara?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni dai zane nike tun ina firamare, a bayan kaye nike yi har mushe ya sha kama ni. Yanzu na ɗan gwane, amma matsala guda ta ishe ni. Jiya na zana wani tsoho mai amalanken jaki da nike gani kullum bakin babbar kasuwa, wallahi a takarda ya yi kyau har lanƙwasar rawaninshi da igiyar jakin duk sun hito, amma da na ɗauka da salula takardar ta koma toka-toka, ƙananan layukan sun ɓace, na tura WhatsApp kuma sai abin ya ƙara dagulewa. Da kireyo HB nike yi a takardar A4 ta fotokofi. Salular ce ba ta da kyau ko ni ne ban iya ba?

Mai Bik:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka zargi salula tukuna. Na tabbata da dare ka ɗauka ƙarƙashin kwan lantarki ko ka kunna filas, to bakin kireyo ƙyalli gare shi, haske na faɗa mishi kai tsaye sai ya haska kamar gwangwani layin ya ɓace. Ka bari sai da hantsi ka hita inuwar zaure ko gindin bango, ba cikin rana ba, ka shimfiɗa takardar a ƙasa ka ɗora salula bisanta daidai kar ka karkata, in ka karkata kan tsohon zai yi girma ƙafafu su tsuke. Ka lura da inuwar hannunka ma. Kuma ka goge gilashin kamara da bakin riga, da ƙurar hunturun ga rabin hazon da kake gani a hoto daga nan shike.

HB kuma ba shi da baƙi sosai. Nemi 2B da 4B ko 6B, lambar B na ƙaruwa shina ƙara laushi da baƙi, H kuwa tauri ne da haske. Ni dai daga ƙarshe bik baƙi na koma, layin bik ko wace irin salula tana ganinshi, illarshi guda ba gom, in ka kuskure ka kuskure.

Hajiyar Zayyana:
Sannu yaro. Duk abin da yayanka ya faɗi haka ne, sai dai ya manta da WhatsApp ɗin. In ka tura a matsayin hoto matse shi yake don ya rage nauyi, siraran layuka su ne farkon tahiya. Ka latsa alamar maƙala abu ka zaɓi Document ka tura ta nan, zai isa yadda yake. Kafin nan ka buɗe Snapseed, manhajar gyaran hoto ta salula, ka mai da shi baƙi da fari ka ɗan ƙara hasken takardar, kaɗan fa, ɗana ya taɓa yi min gyaran wani zanen lalle ya cika hannu sai da ɗige-ɗigen cikin furen suka ɓace gaba ɗaya, kwana biyu ina mita. Zanen da kake ji da shi kuwa kai shi wajen masu fotokofi na gefen jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko cikin gari ka ce su yi ma sikan a 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoton, ka tsaya kansu su goge gilashin injin.

Kuma don Allah sa sunanka cikin zanen, jikin tayar amalanken ko ƙasan ƙafar jakin, ba can kusurwa ba inda za a yanke. Ni an sha ɗaukar min zanen lalle a Facebook ana cewa nasu ne.

Sabon Gari 04:
Ni ban yarda da maganar bik ba Mai Bik, yaro na koyon inuwa ka ce ya bar kireyo? Takardar ce matsala. Ta fotokofi giram 80 ce, sulɓi gare ta ba ta riƙe baƙi, ka goge sau biyu ta huje. Ya nemi takardar zane ta Canson mai giram 180 a shagunan kayan lakwal, in babu ya saƙa ma masu zuwa Kano ko Yamai. Kuma ya riƙa sa wata takarda ƙarƙashin hannunshi yana zane, zufa da gefen hannu su ke shafe aiki tun kafin a zo ga hoto.

Ɗan Bagalam:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Hajiya na gwada Document ɗin yanzu na tura ma abokina, ya ce har gashin wutsiyar jakin ya gani. Yaya Mai Bik gaskiyarka da dare na ɗauka, kuran ma ya tahi da fitilar salular ƙanwata na haska. Gobe da hantsi zan sake. Canson ɗin ɗaya-ɗaya ake saidawa ko sai fakiti?