Abin da aka tsayar kan The Penguin

Jama'a, zancen da muke yi kan shiri mai dogon zango The Penguin ya yi tsawo, ga abin da na tattaro saboda waɗanda ba su fara kallo ba.

1. Kusan kowa ya ce a fara da fim ɗin The Batman na 2022. Labarin The Penguin ya tashi ne mako guda bayan ambaliyar da ta cinye birnin Gotham a wancan fim ɗin. Carmine Falcone, uban miyagun birnin, ya mutu, kujerarsa ba kowa, Oz Cobb (wato Penguin) kuma ya ƙyalla ido a kanta.

2. Kada a zauna jiran Batman, ba ya fitowa. Wasu sun ji haushi, mafi yawa sun ce rashinsa ne ya ba miyagun fili.

3. Kashi 8 ne, tashar HBO ta fara sakinsa a Satumban 2024.

4. Ba na yara ba ne. Akwai kisa, ƙwaya da ashar.

5. A nan aka rabu. Wasu sun ce Colin Farrell, wanda ya fito a matsayin Oz, shi ne ya riƙe shirin: tabon fuska, ɗingishi, har ba a gane shi. Wasu suka ce ina, Cristin Milioti ce, wadda ta fito a matsayin Sofia 'yar Falcone, musamman kashi na 4 da ya nuna yadda Sofia ta shekara 10 a gidan mahaukata na Arkham kan laifin da ba nata ba. Ni ma can na karkata.

6. Tausayin Oz saboda yadda yake kula da mahaifiyarsa ya jawo musu. Waɗanda suka gama sun ce a dakata tukuna, kuma kada wanda ya faɗi makomar Victor, yaron Oz.