Flagyl da bitas ɗin leda, me ya same ni jiya?

Ɗan Tasha:
Salam jama'a, don Allah masu sanin magani ku taimaka min. Ran Litinin aka cire min haƙori, likita ya rubuta min amoxicillin da Flagyl 400 sau uku a rana na kwana biyar, da paracetamol. To jiya da yamma na sauke lodi bayana kamar zai ɓalle, sai wani abokin aikina ya miƙo min ɗan bitas ɗin nan na leda wai yana maganin ciwon baya da basir, na tsotse guda biyu. Wlh ko rabin awa ba a yi ba fuskata ta ɗau zafi, zuciya na bugawa fat fat kamar na yi tsere, kai na sara, sai amai har sau uku a bayan mota yaran mota na ta jera min sannu. Yau da sauƙi amma tsoron maganin nake. Ko jabu aka sayar min a kemis?

Nas Habiba:
Sannu malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin ka zargi mai kemis nemo ledar nan ka duba jikinta, za ka ga an rubuta alc, wato barasa, da lambar ƙarfinta a gefe. Yawancin bitas ɗin nan saiwoyi ne da aka jiƙa a barasa, wasu ƙarfinsu ya kai kashi 30 cikin 100, alhali giyar kwalba wajen kashi 5 ce, ka ga kenan. Shi kuwa Flagyl, wato metronidazole, ba ya shiri da barasa ko kaɗan, abin da ka lissafa ɗin nan na zafin fuska da bugun zuciya da amai su ne dai takardar cikin kwalin ke gargaɗi a kai. Ka'ida ba a kusantar barasa lokacin da ake shan sa, bayan an gama ma sai an ƙara aƙalla awa 48. Kar ka yar da maganin haka kawai ramin haƙorin ya ɗuri ruwa, koma wajen wanda ya rubuta maka ka faɗa masa gaskiya bitas ka sha. In aman ya dawo ko numfashi ya yi maka wuya kar ka jira gari ya waye.

Abu Sumayya:
Ni dai tunatarwa, duk abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ko a leda yake ko a kwalba ko an kira shi magani.

Ɗan Tasha:
Malam ai ban sani ba wlh, ɗaci kawai na ji da zafi a maƙogwaro na ɗauka ƙarfin saiwa ne. Na tsinto ledar a ƙarƙashin kujera, da gaske akwai rubutun. Innalillahi. Rabin tashar nan da shi suke karyawa fa.

Yaron Jos:
Kai naka da sauƙi tunda amai ka yi ka tashi. Maƙwabcinmu dattijo ne mai ciwon suga, yana kan glibenclamide, ranar wani biki ya zauna gidan burkutu tun hantsi bai sa komai a cikinsa ba, da dare aka same shi kwance gumi sharkaf yana surutai, kowa ya ce buguwa ce a bar shi ya yi barci. Da 'yarsa ba ta matsa an kai shi asibiti ba da wani labarin ake yi, ashe suga ne ya faɗi ƙasa warwas, sai da aka ɗaura masa ruwa ya dawo hayyacinsa.

Nas Habiba:
Wannan shi ya fi ba ni tsoro, don idan hanta ta shagala da barasa ba ta sakin suga cikin jini, ga magani na ƙara janyo shi ƙasa, kuma alamun sak na maye. Sai masu haɗa ta da tramadol ko kodin ko diazepam, su numfashi ke raguwa mutum ya wuce cikin barci. Masu maganin tarin fuka na wata shida kuma hanta ce ke jin jiki, isoniazid da rifampicin dama sun ishe ta aiki. Kai ma Ɗan Tasha paracetamol ɗinka kar ya wuce ƙwaya takwas na 500 a yini, kuma don Allah kar wani a tasha ya ƙara maka diclofenac a kan bitas saboda bayan nan, haka ake jawo gyambon ciki.

Ɗan Tasha:
Na gode Aunty, gobe da sassafe zan koma asibitin da ledar a aljihu. Abokin nawa ma hawan jini gare shi yana shan magani kullum, bari in kira shi.