Buga kiɗan wasannin akwatin kwabo kai tsaye irin na Zuntata da S.S.T. Band: ina ake samun cikas?

Mai Fiyano: Salamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka taɓa ɗora kiɗan tsofaffin injinan wasa na Japan a kan dandamali, wato da mai ganga da mai jita da masu fiyano, irin na Zuntata, makaɗan kamfanin wasanni na Taito, da S.S.T. Band, na kamfanin Sega. Me ke ɓata kiɗan? Ana kwafe shi daidai amma da an haɗu sai ya fito fayau, ba armashi.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Malam, kwafewar daidai ɗin ita ce matsalar. Su kansu S.S.T. Band na Sega, da suka yi aiki daga 1988 zuwa 1993, ba kwafe abin da ke cikin inji suke yi ba, sabon tsari suke yi wa kiɗan. Injin wasan tseren mota na Out Run na 1986, wanda Hiroshi Kawaguchi ya yi wa kiɗa, yana da aisi, wato ƙaramin guntun lantarki mai fitar da sauti, na Yamaha mai suna YM2151. Muryoyi 8 ne da shi, kowace sauti ɗaya take fitarwa a lokaci guda, sai wani aisi daban mai fitar da sautukan da aka naɗa irin na ganguna. Don kiɗan ya cika kunne, mai tsarawa yakan ɗora amo ɗaya a kan muryoyi biyu, ya ɗan karkatar da ɗaya, ko ya jinkirta ta ta zama amsa-kuwwa. In ka rubuta wannan a matsayin rabon mutum na biyu, ka ɗaure shi da aikin banza, kuma hannun mutum ba zai riƙe jinkirin nan daidai ba.

Abin yi: samo kiɗan a tsarin VGM, wato fayil mai ɗauke da umarnin da wasan ke ba aisin, ka kashe muryoyin ka saurare su ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ka ji tana bin wata a baya, soke ta. Na'urar jinkirta sauti za ta yi aikin. In kiɗan na tafiya bugu 150 a minti, bugu ɗaya milisakan 400 ne, jinkirin 300 yakan zauna da kyau.

Injiniya: Ƙari a kan na Baban Khalifa, ku duba tsayin sauti kafin kowa ya fara haddace. An ƙera YM2151 ne ya ba da amon A a kan haz 440, ma'aunin da ake saita kayan kiɗa da shi, in agogonsa na gudu a megahaz 3.58. Wasu allunan suna tuƙa shi a megahaz 4, wanda ke ɗaga sauti kusan mataki biyu na maɓallan fiyano, amma bai cika biyun ba. Wani mai shirin ya gyara, wani ya bar shi da 'yar tazara. Shi ya sa kana bin rikodin da fiyano sai ka ji kamar wani abu na tsami. Sa abin auna sautin jita a kan dogon amo guda, ka ga yawan karkatar. In za ku buga tare da sautin asali, a juya saitin dukkan kayan ya bi shi. In ba haka ba ku koma 440 ku huta.

Mai Ganga: Ni ta ɓangarena gudu ne. Kiɗan inji ba lallai ya faɗa kan cikakkiyar lamba ba, don ma'aunin lokacin cikin allo yake bi. Kuskuren rabin bugu a minti ya zama bugu ɗaya da rabi cikin minti 3, mai ganga ya bar kowa a baya ke nan. Idan akwai sashen da kwamfuta za ta buga, a kai wa mai ganga ƙaran ƙidaya a iyafis, wato abin sauraro na kunne, ta layinsa shi kaɗai daga miksa. Kada ya shiga lasifikar jama'a. A sa ƙidaya huɗu kafin farawa.

Sannan kiɗan wasa ba shi da ƙarshe, zagayawa yake yi har ɗan wasa ya mutu. Ku tsara: zagaye biyu, a ba mai jita ko mai fiyano fili, a koma kan amshi, a rufe. In ba a yanke wannan tun a gwaji ba, a kan dandamali kowa kallon ɗan uwansa zai riƙa yi.

Mai Fiyano: Na gode ƙwarai. To sautin fa? Wani ya ce in nemi DX7, fiyanon lantarki na Yamaha.

Injiniya: Ban ba ka wannan shawarar ba, Malam. DX7 mai injinan sauti 6 ne a kowace murya, aisin akwatunan nan 4 ne da su, lambobin saitin sautin ba sa hawa kai tsaye. Na'urorin Yamaha irin su TX81Z ko DX100 ko FB-01 sun fi kusa, duk masu 4 ne. In kwamfuta ce, manhajar Furnace tana kwaikwayon aisin kansa.

Hattara da na hannu da aka sayo daga Japan: wutarsu bolt 100 ce, tamu 230. Ka jona ba taransifoma mai rage wuta, ka ƙona shi nan take. Batirin da ke riƙe sautukan kuma a DX7 liƙe yake da dalma, in ya mutu sautukan su tafi. Ajiye su a kwamfuta ta MIDI, wato hanyar haɗa kayan kiɗa da kwamfuta, kafin a canza.

Hajiya Mai Situdiyo: Ku bar ni in ja ku zuwa Taito, don nasu ya fi wuya. Sunan Zuntata ya fara fita ne a 1987 a kan faifan kiɗan wasan Darius, aikin Hisayoshi Ogura. Akwatin Darius allon kallo uku ne a jere, kuma bencin zaman ma yana girgiza da ƙasan sauti. Ke nan rabin daɗin a jiki ake jinsa. In ɗakin taronku ba lasifikar bes ta kirki, kada ku zaɓi wannan, komai iyawarku zai fito siriri.

Kiɗan wasan The Ninja Warriors kuma, «Daddy Mulk», akwai inda shamisan ke yin kiɗa shi kaɗai. Abin kiɗa ne na Japan mai tsirkiya uku, ana dukansa da faffaɗan makaɗi, sautin na fita da ƙarfi ya mutu da wuri, kusa da molo. Jita mai jan sauti ba ta yi masa. Ko a naɗi sautin a raba shi kan maɓallan fiyano, ko mai jita ya danne tsirkiya da gefen tafin hannu ya buga kusa da gindi.

Mai Jita: Gaskiyar Hajiya. Kuma masu bes su ji: layin bes na inji ba ya hutawa, yana tsalle sama da ƙasa da gudun da yatsa ba ta jurewa minti 4. A rage. Riƙe na farkon kowane bugu da waɗanda suka faɗa tare da babbar ganga, sauran a bar wa fiyano ta hannun hagu ko kwamfuta. Ba mai lura, amma in ka nace sai ka buga duka, daga zagaye na biyu za ka fara ja da baya.

Baban Khalifa: Mai Fiyano, ku nawa ne? In fiyano ɗaya gare ku, fara da na Sega, tsarinsa ya fi karɓar jita da ganga. Na Ogura yana son fiyano biyu da kwamfuta a gefe.

Mai Fiyano: Mu biyar ne, Yallaɓai, fiyano biyu. Injiniya, wat nawa taransifomar za ta kai?

Injiniya: Duba abin da aka rubuta a bayan na'urar ka ninka biyu. Kuma ka tabbata mai fitar da 100 ce, yawancin na kasuwa 110 suke bayarwa.