Wace kalma za mu tsayar wa BAME da POC a Hausa?

Mai fassara a gidan rediyo:
Assalamu alaikum malamai. Wasu kalmomi biyu suna ta faɗo mana a labaran ƙetare, kowa yana juya su yadda ya ga dama. Ta farko BAME, wadda 'yan Birtaniya suke haɗa baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya da sauran jama'ar da ba su da yawa a ƙasar a ƙarƙashinta. Ta biyu POC ta Amurka, wato people of color. Na ji an ce "masu launi", na ji an ce "ƙananan ƙabilu", akwai ma wanda yake cewa "baƙaƙen fata" ya wuce abinsa. Wacce za mu riƙe?

Tsohon edita:
Wa alaikumus salam. "Masu launi" dai a ajiye ta tun yanzu. Ka ce wa mai sauraro a Kano masu launi sun yi zanga-zanga, zai ɗauka marinan Ƙofar Mata ne suka fito. Kuma shi Baturen ba shi da launi ne? "Baƙaƙen fata" kuwa ƙarya ce za ka shirga a labari. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, 'yan asalin Asiya sun kai kashi 9.3 cikin 100, baƙaƙen fata kashi 4 kacal. Wato yawancin waɗanda ake kira BAME ba baƙaƙe ba ne. Ni a ganina a ce "waɗanda ba farar fata ba", magana ta ƙare.

Malamar Hausa:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ba ta ƙare ba. Farar fata a bakin Bahaushe ba ta tsaya kan Bature ba. Balarabe farar fata ne, Ba'indiye farar fata ne, haka ɗan Sin, haka Kwarorin da Kantin Kwari ya samo suna daga gare su. Mu kanmu a gida muna cewa wance fara ce, wane wankan tarwaɗa ne. Idan aka ce Rishi Sunak, da ya zama Firayim Minista a 2022, ba farar fata ba ne, duk wanda ya ga hotonsa zai ce mai labarai bai san abin da yake faɗa ba. Haka ma Sadiq Khan, magajin garin Landan, wanda iyayensa daga Pakistan suka zo. Iyakar da mutanen can suke shatawa tsakanin Bature take da wanda ba shi ba, kuma wannan kalma muna da ita tun tuni. Don haka POC ita ce "waɗanda ba Turawa ba".

Mazaunin Birmingham:
Anti, ina da ja a wuri biyu. Yarana a nan aka haife su, fasfon ƙasar ne a hannunsu, Turancinsu ya fi Hausarsu. Idan aka ce su ba Turawa ba ne, sai in ji kamar ana tabbatar da abin da masu ƙin baƙi suke faɗa, cewa su ba 'yan nan ba ne.

Na biyu, ita BAME ɗin da kuke nema wa suna, masu ita sun yar da ita. A watan Maris na 2021 hukumar da gwamnati ta kafa kan bambancin launin fata, ƙarƙashin Tony Sewell, ta ba da shawarar a daina amfani da ita, gwamnati kuma ta daina. A Disambar shekarar BBC da ITV da Channel 4 da Channel 5 suka amince su kauce mata. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A jarrabawar kammala sakandare 'ya'yan 'yan Sin da na Indiyawa suna gaba da 'ya'yan Turawan Ingila, yaran 'yan asalin Karebiyan suna baya, yaran Roma (wata al'umma da aka sani da yawo a ƙasashen Turai) kuma su ne a can ƙarshe. Idan ka tattara su ka fitar da lamba ɗaya, ba ka faɗi halin da kowa yake ciki ba. Kamfani ma yana iya cika ofis da 'yan asalin Indiya ya ce ya ɗauki BAME aiki, alhali babu baƙar fata ko ɗaya a ciki. Abin da gwamnati take rubutawa yanzu shi ne ethnic minorities, wato al'ummomin da ba su da yawa a ƙasar, kuma ya haɗa da Roma da matafiyan Ailan (su ma wata al'umma ce mai yawo), waɗanda Turawa ne sak. To su ina za ki kai su?

Malamar Hausa:
Ƙanena, na biyun na karɓa. Na farkon kuwa ka kwantar da hankalinka. Bature a Hausa ba sunan ɗan wata ƙasa ba ne. Farin Ba'amurke Bature ne, na Ostireliya Bature ne, wanda kakanninsa suka shekara 300 a Afirka ta Kudu ma Bature muke ce masa. Zama ɗan ƙasa yana da kalmarsa daban. Yaranka 'yan Birtaniya ne waɗanda ba Turawa ba, babu abin da jimlar ta rage musu. Abin da maganarka ta nuna shi ne kalmomi biyu muke buƙata: ɗaya ta launin fata, ɗaya ta yawan jama'a.

Lauya daga Jos:
Idan ta yawan jama'a kuke nema, don Allah kada ku ɗauko "ƙananan ƙabilu". Mu da aka fi kira da ita mun san yadda take sauka a kunne. Tun Hukumar Willink, da Turawan mulki suka kafa a 1957 don sauraron fargabar al'ummomin da ba su da rinjaye kafin 'yancin kai, ake ta jan wannan magana, kuma hukumar ta ƙare a 1958 ba tare da ta ba da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi ba. Mai faɗa yana nufin ƙarancin adadi, mai ji yana jin ƙarancin daraja. Ita kanta "ƙabila" ba wankakkiya ba ce. Kowa a nan ya san me ake nufi idan aka ce wane ya auri ƙabila. Sannan ku duba Amurka: 'yan asalin Latin Amurka sun haura miliyan 62 a ƙidayar 2020, sun ninka mutanen Nijar baki ɗaya. Wace irin ƙaramar ƙabila ce wannan? Su ba ma ƙabila ɗaya ba ne.

Tsohon edita:
To Barista, "marasa rinjaye" fa?

Lauya daga Jos:
Wannan kalmar majalisar dokoki ta riga ta kama ta, Baba. Da ka faɗa, shugaban marasa rinjaye ne zai zo wa mutum a rai. "Tsiraru" ta fi, domin lissafi kawai take yi. A ce "tsirarun al'ummomi". Kada kuma a sa "jinsi", yanzu maza da mata ake fahimta da ita.

Malamin makaranta daga Damagaram:
Mu da muke fassara daga Faransanci abin ya zo mana da sauƙi kaɗan, don ƙidayar Faransa ba ta tambayar mutum launin fatarsa. Sai dai labarin Kanada, inda dokar daidaita ɗaukar aiki ta 1986 ta shigo da minorités visibles, wato waɗanda ba Turawa ba amma ban da 'yan asalin ƙasar na farko. Fassarar Malama ta "waɗanda ba Turawa ba" ta ɗauke ta, in an ƙara wannan togaciya.

Malamar Hausa:
Haka ma BIPOC, da ta bazu a 2020 bayan kisan George Floyd a Minneapolis: "baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasar na farko da sauran waɗanda ba Turawa ba". A dai yi hattara da Coloured ta Afirka ta Kudu. Wannan sunan wata al'umma ce takamaimai da dokar rajistar jama'a ta 1950 ta ware, ba ta shafi Zulu ko Xhosa ba. A bar musu sunansu, a yi bayani a gaba.

Mai fassara a gidan rediyo:
Na gode malamai. Abin da zan kai wa abokan aiki: POC, "waɗanda ba Turawa ba". Ethnic minorities, "tsirarun al'ummomi". BAME idan ta fito a tsohon rahoto ko a bakin wani, a warware ta: "baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya da sauran tsiraru". Inda kuma labarin ya nuna su wane ne, 'yan Bangaladash ne ko 'yan Somaliya ko 'yan Najeriya, a kira su da sunansu.

Tsohon edita:
Na yarda, duk da "waɗanda ba Turawa ba" za ta ci muku daƙiƙa a kanun labarai. Amma yaro, ka duba garin da labarin ya fito kafin ka ce "tsiraru". A waccan ƙidaya ta 2021 Turawa ba su kai rabin mutanen Birmingham ba, a Leicester kuwa kashi 41 ne. Idan labarin can ne, ta Malama za ka ɗauka.